Tulun Baldiri a Kufan Empúries

Wani yanki na labarin nan ya zube mini a hanya, gara in faɗa tun yanzu. Shekarar ta ɓace mini. Na kuma kasa tuna ko karen Pelegrí yana cikin kwale-kwalen ubangidansa a ranar, ko kuwa ya riga ya mutu. Wani lokaci ina ganinsa a goshin jirgin yana haushi, wani lokaci in duba in ga babu shi. Haka tsufa yake yi mini yanzu, ya ɗauke kare ya bar mini wari. Warin kam ban manta da shi ba, kuma ban san wanda ya manta da shi a garin L'Escala ba.

Baldiri Casademont mai aski ne da ya ajiye almakashi amma bai ajiye baki ba. Shekara da shekaru yana tsaye a bayan ƙeyar mutane yana kallon kansa a madubi, har ya gano abin da ya ɓace mana, mu masu tonon fasassun tukwane. Ya gano cewa hancinsa da hancin gunkin nan mai gemu da ke tsaye a kufan Empúries, wanda Girkawa suke kai wa marasa lafiyarsu, hanci ɗaya ne: miƙaƙƙe tun daga goshi, ba kwari ba tudu. Daga nan ya yanke hukunci cewa kakansa na farko yana cikin jirgin da ya fara sauka a gaɓar nan, kuma ba shi ke jan filafili ba, shi ke ba da umarni.

Abin da ke cin ransa shi ne bikin shekara, ranar da mutanen gari ke yafa zannuwa su zama Girkawa da Rumawa. A ranar, sarkin jirgi ne ke fara taka yashi, gari duka na tafa masa. Kuma kullum Genís mai gidan burodi ake ba wa wannan matsayi, ba don komai ba sai don yana da gemu har ƙirji.

Wata safiya a shagon gahawa, Senyora Remei ta shigo. Ita ce mai gidan kifin gishiri mafi girma a layin bakin ruwa, ita ce kuma shugabar masu shirya bikin. Ba ta ɗaga murya, don ba ta taɓa bukata ba. Ta ce bana bayan Genís yana damunsa, saboda haka duk mai son zama sarkin jirgi ya zo kufai Asabar ta ƙarshen lokacin zafi ya nuna abin da ya iya.

Baldiri ya ajiye kofinsa a hankali, ya juya fuskarsa gefe domin hasken taga ya faɗa kan hancin.

"Senyora, ki daina nema. Jini ya kira mai shi."

"Af," in ji Genís daga teburin domino. "Kun ji bayana ya warke yanzun nan."

"Gemu a kanti ake sayensa, Genís, har da igiyar maƙalawa a kunne. Hanci kuwa gado ne."

"To ka sauka da hancin mana. Kai da aka kai ka yawon tsibirai ka yi wa kifaye sadakar abincin ranarka?"

"Abin da na ci ne ya lalace."

"Ai har yau kifayen suna tambayata kai. Sun ce ina mutumin kirkin nan."

Aka yi dariya har mai shago ya zubar da madara. Baldiri ya miƙe ya sanar cewa ba da ƙafa zai zo kufai ba kamar mai sayar da burodi. Ta teku zai zo, ya shiga tsohuwar tashar kamar yadda kakansa ya shiga, kuma a hannunsa da tulun garum, romon kifin nan da mutanen dā suke zubawa a kowane abinci, wanda babu wanda ya ɗanɗana a garin nan tun da Rumawa suka kwashe kayansu. Ya karanta labarinsa a allon da ke gefen ramukan gishirin kifi a kufai. Rabin allon ya karanta, rana ta hana shi sauran.

A gida, matarsa Quimeta ta dawo daga kasuwa ta tarar da lemominta zube a ƙasa, tulun yumɓu mai dogon wuya da take ajiye su ciki yana tsakar kicin, mijinta na ɗura masa kawuna da hanjin kifi da ya roƙo a bayan gidan Senyora Remei.

"Maigida, mutuwa aka yi?"

"Tarihi ake tayarwa. Ba ni mabuɗin gishiri."

Tun da likita ya hana shi gishiri, Quimeta ta kulle na gidan a kabad, mabuɗin yana wuyanta tare da sarƙar aurenta.

"Likita ya ce a'a."

"Ba ci zan yi ba, zubawa zan yi."

"Haka ka ce ranar da na kama ka a bayan ƙofa da kwanon zaitun."

"Quimeta, ana maganar Girkawa kina maganar zaitun!"

"To je ka kanti ka saya, in ka isa. Na riga na gaya musu duka."

Baldiri ya ja numfashi, ya dubi teku ta taga, sai fuskarsa ta yi haske. "Riƙe gishirinki. Girkawa kanti gare su? Teku ce gishirinsu." Ya ɗauki bokiti ya gangara, ya ɗebo ruwan teku ya cika tulun. A garin da ko jariri ya san shimfiɗar kifi, shimfiɗar gishiri, a ɗora dutse a kai, mutumin nan ruwa ya zuba. Bai tsaya nan ba. Ya ce a ƙasar nan duk abin sha mai daraja da waya ake ɗaure bakinsa, kamar kwalbar giya mai kumfa ta ranar biki. Ya samo matoshin ganga ya buga da guduma, ya naɗe da waya, ya ɗiga kakin kyandir, ya hau da tulun kan soro ya ajiye a inda rana ta fi duka.

Mako bai zagayo ba kyanwoyin unguwa suka fara taro a kan soron. Ba sa faɗa, ba sa kuka, zama kawai suke yi kewaye da tulun kamar masu jiran a raba gado. Maƙwabciya ta daina shanya a can. Wata rana da azahar Quimeta ta hau ɗauko tsintsiya ta sauko da sauri.

"Maigida, tulunka yana magana."

"Nuna yake yi."

"Gunaguni yake yi kamar cikin wanda ya sha wake."

"Ke ba ki san ƙamshin tarihi ba. Ranar da aka ɗora mini rawanin ganye, ki tsaya a gefena ki ga yadda ake kallon matar sarkin jirgi."

"Zan tsaya," in ji ta, "amma ta inda iska ke fitowa."

Ranar Asabar gari ya waye tas, sama kamar an wanke ta da sabulu, duwatsun arewa sun matso kusa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Duk wanda aka haifa a nan ya san abin da wannan ke nufi. Pelegrí, ƙanin Quimeta, mai kwale-kwalen da aka aro, ya tsaya a bakin ruwa yana sosa kai.

"Yaya Baldiri, iskar arewa, Tramuntana, na tafe. Kafin hantsi za ta sauko ta kwashe hular kowa."

"Gwiwata ba ta ce komai ba. Ita ke gaya mini iska tun kana rarrafe."

"Sannan tashar da kake cewa, ai yashi ya cike ta tun kafin a haifi kakan kakanmu. Ko agwagwa sai ta ɗage ƙafa."

"Inda Girkawa suka shiga, nan zan shiga. Tuƙa."

Ya yafa zanen gado. Quimeta ta hana shi fari, ta ba shi wani tsoho mai furanni rawaya. A kansa da rawanin ganyen miya da ya tsinko a bayan gida. Ya rungume tulun kamar jariri, tulun kuwa ya yi ɗumi, yana ɗan rawa a ƙirjinsa.

Mu muna tsaye a kan yashi kusa da tsohuwar katangar duwatsu da ke kwance cikin ruwa. An gayyace ni domin ana zaton na san tukwane. Da Senyora Remei, da Genís ya taje gemu ya shafa masa mai, da Quimeta, da sauran masu shirya biki da kwandon burodi da tumatir. Gefe guda baƙi masu wanka sun baje a rana. Sai ga kwale-kwalen ya kewayo, Baldiri tsaye a goshinsa, ƙafa ɗaya a gaba.

Daidai nan Tramuntana ta sauko. Ta fara da rawanin ganyen, ta ɗauke shi ta yi teku da shi. Baldiri ya buɗe baki ya soma jawabin da ya yi wata guda yana maimaitawa a gaban madubi, iska ta kwashe shi duka ta kai wa kifaye. Mu dai muna ganin baki yana motsi. Bai kai tsakiya ba gindin kwale-kwalen ya daki yashi, can nesa, inda yara ke wasa ruwa bai kai musu ƙugu ba. Jirgi ya tsaya, Baldiri bai tsaya ba. Ya yi gaba, ya yi baya, ya zauna daɓas a kan karen, in dai akwai karen.

"Mun iso, Yaya," in ji Pelegrí. "Ga tashar kakanka."

Ya sauko cikin ruwa, ya ɗaga tulun sama da hannu biyu, ya soma takowa. Igiyar ruwa ta dake shi ta baya, tulun ya girgiza. Wata ta dake shi ta gefe, tulun ya ƙara girgiza. Iska ta shiga ƙarƙashin zanen ta kumbura shi, ta kwance ƙullin kafaɗa. Hannu biyu suna kan tulu, babu na uku. Zanen ya tashi sama ya yi shawagi a kanmu da furanninsa, ya je ya maƙale a kan bishiya. Sarkin jirgi ya taka yashi da gajeren wando mai ratsi-ratsi da safa ɗaya.

"Jama'a ku matsa," in ji Genís. "Girkawa sun iso, an yi musu fashi a hanya."

"Haka 'yan wasansu suke fita fili, jahili! Ka dubi gumakansu, wa ka gani da riga?"

"Na gani. Amma ban ga mai tumbi ba."

Baƙi masu wanka suka tashi suna tafi, sun zaci cikin shirin ne. Wata mata ta ɗauki hoto. Senyora Remei ta zare mayafin kwandon burodi ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

"Baldiri, saukar dai ba ta yi ba. Saura romon. In ya yi daɗi, zan manta da wandon."

Ya ɗaura mayafin a ƙugu, zuciyarsa ta dawo. Ai dama romon ne babban makami. Ya shige gaba aka bi shi cikin kufai, baƙin ma suka biyo, a sama kuma fararen tsuntsayen teku suka fara taruwa suna kewaye. Yana tafe yana nuna wa baƙi abubuwa da haɓa, tunda hannu ba sarari. Wani ramin tara ruwa ya ce nan kakansa yake wanka. Wani daɓe mai 'yan duwatsu masu launi ya ce falon kakarsa ne, ita ta zaɓi zanen. Tulun kuwa ya bar gunaguni ya koma wani siririn fito ta gefen matoshi.

A gaban gunkin mai gemu ya tsaya. Ya ajiye tulun, ya jera kafaɗa da gindin dutsen, ya juya gefe.

"Ku duba da kyau. Ku dubi nasa, ku dubi nawa."

"Mun duba," in ji Genís. "Nasa ba ya yoyo."

Baldiri ya yi kamar bai ji ba. Ya share wani faffaɗan dutse a kudu da tulun, ya zaunar da Senyora Remei, ya ce wannan kujerar manya ce, ƙamshin zai fara isa gare ta. Aka yanka burodi aka goga masa tumatir aka jera. Baƙi suka matso bayanta da na'urorin ɗaukar hoto. Genís ya sunkuyo har gemunsa na shafar wuyan tulun, wai kada wani abin dariya ya wuce shi. Quimeta ta kama hannun ƙaninta, ta kama nawa, ta ja mu arewa, bayan wani ginshiƙi. Har yau ina yi mata addu'a.

Ya zaro tsohon almakashinsa na aski daga ƙugu, ya ɗaga shi sama.

"Mutanen L'Escala, ku buɗe hancinku!"

Ya datse wayar.

Ƙarar ta kai har ƙauyen da ke kan tudu, inda aka ce wani limamin coci ya leƙo ya ga ko an fara wasan wuta ba a gaya masa ba. Matoshin ya tafi sama, ba a sake ganinsa ba. Abin da ya biyo bayansa ba zan iya kiransa romo ba. Wani abu ne mai launin ƙasa, mai kumfa, ya tashi tsaye kamar bishiya, ya fara wanke fuskar mai shi, sannan Tramuntana ta karɓe shi ta shimfiɗa shi kudu. Gemun Genís ya sha kaso mafi tsoka. Senyora Remei, wadda aka gyara wa gashi a jajibiri, ta samu nata a zaune. Baƙi suka samu ragowar, da su da burodin.

Sai tsuntsaye suka sauko. Suka faɗa kan burodi, kan duwatsu, kan Genís, wanda ya ruga yana kaɗa hannu, kan kifi na lilo a gemunsa, tsuntsu biyu suna faɗa a kansa. Baƙi suka watse ta cikin tsofaffin tituna suna ihu da harsuna iri-iri. Wani dogo ya faɗa wurin wankan kakan Baldiri.

Senyora Remei ba ta motsa ba. Ta sa yatsa biyu ta cire wani abu daga girarta, ta dube shi, ta yar.

"Baldiri. Gishiri nawa ka sa?"

"Teku, Senyora. Teku ce..."

"Ruwa ka zuba wa kifi. A garin nan. Ka kuma toshe."

"Haka na asali yake! Hancin mutanen yanzu ne ya lalace. Ku gani." Ya laƙato abin daga kumatunsa, ya ɗaga yatsa kowa ya gani, ya sa a baki, ya haɗiye.

Ya yi murmushi, murmushin ya daɗe a wurin bayan mai shi ya tafi. Fuskarsa ta koma launin ganyen da iska ta ɗauke. Gwiwar da ba ta ce komai ba da safe ta lanƙwashe, ya zube a ƙafafun gunkin marasa lafiya, hannu ɗaya a miƙe, yana nishi yana kiran sunan matarsa.

Aka samo wani katako aka ɗora shi, maza suka ɗauka kowa ya kawar da kai gefe. Sun yi 'yan taku kenan Senyora Remei ta ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Ku dawo da shi gaban gunkin. Yauwa. Baldiri, sake wannan nishin."

Ya sake, ba don ya so ba.

"Shekara nawa muna neman wanda zai fito a mara lafiyan da ake kawo wa gunkin nan, kowa ya ƙi, wanda ya yarda kuma dariya yake yi a kan katako. Ga shi Allah ya kawo mana. Quimeta, ki wanke shi ki ajiye mana."

"Sarkin jirgin fa?" in ji Baldiri da 'yar murya.

"Pelegrí. Shi kaɗai na ga ya san inda ruwa ya ƙare."

Genís bai samu ba shi ma. An wanke gemun da sabulu, an wanke da lemon tsami, an wanke da ruwan tsami, matarsa ta ce ko gemu ko ita. Da yake duk garin babu mai hannun Baldiri a aski, dole ya je ya zauna a kicin ɗin Quimeta, aka yafa masa zanen nan mai furanni rawaya da aka sauko da shi daga bishiya. An ce askin ya ɗauki rabin yini, kuma mai askin bai yi shiru ba ko sau ɗaya.

Ranar biki na gan shi da idona, kwance a kan katako an shafa masa gari a fuska, ana ratsa taro da shi, yana nishin da ya sa wata tsohuwa ta fashe da kuka. Da yamma a shagon gahawa ya bayyana wa kowa yadda abin yake.

"Sarkin jirgi da ƙafarsa ya taka, kamar kowane talaka. Ni fa? Maza huɗu suka ɗauke ni. Ku tambayi malamin nan, a wurin Girkawa wa ake ɗauka in ba babba ba?"

Na ce masa na manta, kuma a lokacin ma ban yi ƙarya sosai ba.

Abu ɗaya ne na bi sawunsa daga baya, don hancin ya tsaya mini a rai. Na hau mota zuwa wani ƙauye a cikin duwatsu inda yayarsa Eulàlia take aure, na same ta tana ɓare wake a ƙofar gida. Ta ce kakansu makiyayin tumaki ne daga can saman, ya gangaro L'Escala da alfadari yana sayar da cuku, kuma har ya mutu bai yarda ya sa ƙafa a teku ba. Na tambaye ta hancin. Ta yi dariya har waken ya zube. Ta ce da ɗan guntun hanci aka haifi Baldiri, mai kallon sama kamar na kowa a gidansu. Yana yaro ya je ya ja wutsiyar alfadarin kakan, alfadarin ya miƙar masa da shi da shuri ɗaya.